Yadda Ake Gane Ko Mai Raba Ƙwallo na Jami'a Ya Isa Shiga NBA

A daren zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru a Amurka, na shekarar 2009, ƙungiyar Minnesota tana riƙe da dama ta 5 da ta 6, kuma duk biyun masu raba ƙwallo ta ɗauka: Ricky Rubio ɗan Sifaniya da Jonny Flynn na jami'ar Syracuse. Golden State da ke biye da ita ta ɗauki wani siririn yaro daga ƙaramar kwalejin Davidson mai suna Stephen Curry. Flynn ya yi fama da ciwon ƙugu, ko shekara huɗu bai cika a gasar ba. Curry kuwa ya sauya yadda ake buga ƙwallon kwando baki ɗaya. Waɗanda suka yi wannan zaɓi ƙwararru ne, sana'arsu ke nan, sun kalli yaran nan sau ba adadi. Wannan ya isa ya nuna maka cewa a cikin gurabe biyar na fili, babu mai wuyar aunawa kamar na mai raba ƙwallo, wato mai tsara hari da miƙa wa abokansa ƙwallo, wanda ake kira lamba ɗaya.

Dalili kuwa shi ne a jami'a shi ne sarkin fili. Ƙwallo kullum a hannunsa take, koci ya gina komai a kansa, in ya yi kuskure ba a cire shi. Ranar da ya shiga NBA duk wannan gata ya ƙare. Saboda haka duk matakan da zan kawo suna hidima ne ga tambaya guda: idan aka karɓe masa wannan sarauta, aka haɗa shi da mutanen da suka fi shi tsawo da ƙarfi da sauri, wace gwaninta ce za ta rage masa wadda koci zai sa shi a fili dominta?

Mataki na 1: Ka san bambancin filayen biyu

Kafin ka kalli yaron, ka san inda zai tafi. Wasan jami'a minti 40 ne, na NBA 48. A jami'a ƙungiya tana da daƙiƙa 30 ta yi jifa, a NBA 24. Daƙiƙa shidan nan ba ƙaramin abu ba ne ga mai raba ƙwallo, domin yaron da ya saba tsayawa yana buga ƙwallo a ƙasa yana waiwayen koci zai iske lokaci ya cinye shi. Layin maki uku na jami'a yana nisan mita 6.75 tun kakar 2019, na NBA mita 7.24, sai a kusurwoyi da yake wajen mita 6.7. A NBA mai tsaro ba ya da ikon yin kwance a ƙarƙashin kwando fiye da daƙiƙa uku in ba wani yake tsarewa ba, a jami'a kuwa babu wannan doka, don haka tsakiyar fili a cushe take. Wannan bambancin yakan taimaki wasu, musamman masu gudu da ke neman sarari. Sannan kakar jami'a wasa talatin da 'yan kai ce, ta NBA 82, ban da wasannin fitar da gwani.

Dokar shiga kuma: dole yaro ya cika shekara 19 a cikin shekarar zaɓen, ɗan Amurka kuma sai ya yi shekara guda da gama sakandare. Zagaye biyu ake yi, ƙungiyoyi 30, gurabe 60 in ba a hukunta wata ƙungiya an karɓe mata nata ba.

Mataki na 2: Ka zaɓi wasannin da za ka kalla

Kada ka fara da guntayen bidiyon YouTube da aka tattara kyawawan jifansa. Wannan tallar haja ce, mai talla kuwa ba ya nuna ruɓaɓɓen gefen tumatir. Ka nemi cikakkun wasanni, aƙalla biyar, ka zaɓe su da gangan: biyu da ya buga da ƙungiyoyi mafiya ƙarfi a jadawalinsa, ɗaya a gidan abokan hamayya inda 'yan kallo ke masa ihu, ɗaya da ya yi mummunan wasa, sai kuma karo na biyu da wata ƙungiya da ta riga ta haɗu da shi a kakar. Wannan na ƙarshen nake fi ba muhimmanci. A karon farko bazata yake yi musu. A karo na biyu sun kalli bidiyonsa, sun san hannun da ya fi so, sun shirya masa tarko. Abin da ya yi a ranar ya fi kama da rayuwar da ke jiransa.

Ga mu da ke Najeriya da Nijar, yawancin wasannin nan tsakar dare suke faɗowa, ƙarfe ɗaya ko biyu ko uku. Shawarata ka bar kallon kai tsaye, ka nemi maimaici da rana. Aikin aunawa yana buƙatar tsayar da hoto da mayar da shi baya, ido mai barci kuma ba ya ganin komai sai inda ƙwallo take.

Ka kuma yi hattara da gasannin fitar da gwani na jami'o'i da ake yi a watan Maris. A 2009 Flynn ya buga minti 67 a wasan da Syracuse ta doke Connecticut bayan ƙarin lokaci sau shida, sunansa ya cika gari. Dare guda irin wannan yana nuna zuciya da juriya, amma ba ya maye gurbin wata huɗu na kallo.

Mataki na 3: Wasan shinge

A nan za ka fi daɗewa, domin wannan shi ne tuwon mai raba ƙwallo a NBA. Wasan shinge shi ne dogon ɗan wasa ya zo ya tsaya kamar gini a gefen wanda ke tsaron mai ƙwallo, mai ƙwallo ya bi ta jikinsa, dogon kuma ya juya ya nufi kwando ko ya ja baya don jifa. Na ɗan lokaci kaɗan masu tsaro biyu suna fuskantar mutum biyu cikin ruɗani, kuma cikin ƙiftawar ido mai ƙwallo zai yanke shawara.

Ga yadda nake yi. Ina ɗaukar takarda, duk lokacin da aka kafa masa shinge in rubuta abu biyu: yadda masu tsaro suka yi, da amsar da ya bayar. Masu tsaro suna da hanyoyi kaɗan sanannu, kowace da amsarta.

Idan mai tsaronsa ya bi ta bayan shingen, wato ya ba shi sarari, raini ne: yana cewa ba ka iya jifa ba. Amsar ita ce ya tsaya nan take ya jefa maki uku. Yaron da bai iya hukunta wannan raini ba, a NBA kowa haka zai masa, shingen ya zama aikin banza.

Idan dogon mai tsaro ya ja baya ya tsaya kusa da kwando yana jira, akwai fili a tsakiya. A nan kake neman jifan tsakiya bayan tsayawa, ko wannan lallausan jifa da ake lilo da shi ta saman dogaye. Ka lura ko yana iya sa mai tsaronsa a bayansa ya riƙe shi da jiki, yana tafiya a hankali har dogon ya rasa wanda zai bi. Chris Paul ya shekara kusan ashirin yana cin abinci da wannan dabara, alhali tsawonsa bai wuce ƙafa shida ba.

Idan suka taso masa su biyu, ka duba saurin da yake rabuwa da ƙwallo. Mutum biyu a kansa yana nufin abokansa huɗu suna fuskantar mutum uku. Mai hankali murna yake yi da wannan. Mai son kai kuwa sai ya yi ta ja da baya har a matse shi a layi.

Idan suka yi musaya, dogo ya koma kansa, ka ga ko yana iya wuce dogon, ko kuwa yana ganin cewa ɗan ƙaramin mai tsaro ne yanzu a kan abokinsa dogo a ƙarƙashin kwando.

Bayan waɗannan akwai abin da ke raba gwani da na gama-gari. Ka daina kallon mutum huɗun da ke wurin shingen, ka kalli mai tsaro na uku, wanda ke can ɗaya gefen yana tsaron mai jifa a kusurwa. Idan dogo ya nufi kwando, wannan mutumin ne zai baro nasa ya zo taimako. Gwanin mai raba ƙwallo shi yake karantawa. Ya taso, ƙwallo ta tafi kusurwa. Ya tsaya, ƙwallo ta tafi wa dogo. Waɗanda suka fi gwaninta ma da ido suke yaudararsa, su kalli kusurwa su miƙa wa dogo. Ka tsayar da hoton daidai lokacin da ƙwallo ke barin hannunsa, ka tambayi kanka: ya miƙa ta ne saboda ya ga abokinsa a buɗe, ko ya miƙa ta tun kafin ya buɗe saboda ya san zai buɗe? A NBA ƙofar da ka gani a buɗe ta riga ta fara rufewa. Ka kuma ƙirga sau nawa ya miƙa da hannun da ba nasa ba, yana cikin tafiya, ba tare da ya kama ƙwallon da hannu biyu ba. Ja Morant ya nuna wannan ƙarara a Maris na 2019, lokacin da jami'arsa ta Murray State ta doke Marquette: maki 17, miƙa 16 da suka zama maki, da ƙwallo 11 da ya cafke daga kwando. Ba yawan makin ne ya burge masu kallo ba, yadda ya riƙa rarraba tsaron nan kamar mai yanka nama ne.

Matsala guda: wasu kociyoyin jami'a ba sa yawan amfani da shinge. In haka ne, ka tattara 'yan kaɗan ɗin da ka samu daga wasanni da yawa, kada ka ɗora wa yaro laifin tsarin kocinsa.

Mataki na 4: Jifa, da lambar da ba ta ƙarya

Kason jifan maki uku na kaka guda yana yaudara. Yaro zai jefa ɗari da 'yan kai, bakwai ko takwas su faɗa bisa sa'a, sai lambarsa ta yi kyau. Jifan kyauta ya fi gaskiya, domin nisa ɗaya ne a ko'ina, babu mai tsaro, hannu ne kawai da natsuwa. Markelle Fultz, wanda Philadelphia ta ɗauka na farko a 2017, ya ci kusan kashi 41 cikin ɗari na jifan maki uku a jami'ar Washington, amma jifan kyautarsa wajen kashi 65 ne. Adalci ne a faɗi cewa ciwon jijiyoyin kafaɗa da aka gano masa a ƙarshen 2018 shi ne babban abin da ya lalata jifansa, to amma wannan tazarar tsakanin lambobin biyu ta isa ta sa mai aunawa ya dakata tun farko. Ni dai mai raba ƙwallon da bai kai kashi 75 a jifan kyauta ba, ina sa masa alamar tambaya komai kyan sauran lambobinsa. Wanda ya haura 85, kamar Curry a Davidson, ko kason maki ukunsa ya yi ƙasa a wata kaka, ban cika damuwa ba.

Sai ka raba jifansa gida biyu: wanda aka miƙo masa yana tsaye, da wanda ya ƙirƙira da kansa yana tafe da ƙwallo. Na biyun ne ke sa a ji tsoronsa a wasan shinge. Na farkon ne ke ba shi damar zama a fili tare da tauraron ƙungiya. Ka duba nisan ma: ƙafarsa a kan layi take kullum, ko yana jefawa daga taku biyu a baya?

Kada munin salon jifa ya rufe maka ido. Tyrese Haliburton yana da salon da ya sa mutane da yawa suka yi shakka, ya sauka har dama ta 12 a 2020, alhali ya ci sama da kashi 40 a duka shekarunsa biyu a Iowa State. Abin tambaya shi ne ko salon iri ɗaya ne kullum, kuma ko yana fita da sauri kafin hannu ya iso.

Mataki na 5: Asarar ƙwallo iri-iri ce

Trae Young ya fi kowa a manyan jami'o'in Amurka a maki da kuma miƙa ƙwallo a kakar 2017 zuwa 2018, maki 27.4 da miƙa 8.7 a kowane wasa, abin da ba a taɓa yi ba. Ya kuma riƙa asarar ƙwallo fiye da sau biyar a wasa. Wanda ya kalli lambar kawai zai ce sakaci ne. Wanda ya kalli wasannin jami'arsa ta Oklahoma zai ga yaro ɗan shekara 19 da aka ɗora wa kayan ƙungiya duka. Don haka ka kalli kowace asara ka sa ta a ajinta. Wadda ta zo daga ƙoƙarin miƙa ƙwallo ta wata 'yar kafa da ya hango, wannan ta mai gani ce, shekaru za su gyara ta. Wadda ta zo saboda an matsa masa ƙwallo ta kuɓuce, ko ya yi tsalle sama bai san inda zai kai ta ba, ko ya afka cikin mutum uku kansa a sunkuye, ita ce abin tsoro. Akwai kuma yaron da ba ya asara sam saboda ba ya gwada komai. Lambarsa tsaf, amma bai taɓa tsorata kowa ba.

Mataki na 6: Jiki da tsaro

A watan Mayu ake taron gwaji a Chicago, inda ake auna tsawo ba takalmi, da tsalle, da gudu, likitoci su duba jiki, ƙungiyoyi su zauna hira da yaran. Ka jira wannan awon, domin tsawon da jami'o'i ke rubutawa yakan ƙaru da inci ɗaya ko biyu. Abin da na fi dubawa shi ne gaba, wato daga yatsa zuwa yatsa in ya buɗe hannuwa, irin awon da ake wa zurfin rijiya. Shai Gilgeous-Alexander, da aka ɗauka na 11 a 2018 daga Kentucky, gabarsa ta kusa ƙafa bakwai, ita ce ke ba shi damar kai ƙwallo kwando ta gefen dogaye.

A tsaro, NBA ba ta da tausayi. A wasannin fitar da gwani ana neman mafi rauni a fili, a yi ta kiran wanda yake tsaro ya zo ya kafa shinge har a samu musaya. Ka duba ko yaron yana ratsa shinge ko mannewa yake a jikinsa, ko yana da ƙirjin da zai tare wanda ya fi shi nauyi, da kuma inda idonsa yake in ƙwallo ba ta kusa da shi. Yawan ƙwace ƙwallo alama ce mai kyau ta saurin fahimta, muddin ba caca yake yi yana barin mutuminsa ba. In jami'arsa tsaron yanki take yi, inda kowa ke tsare wani ɓangaren fili ba wani mutum ba, kamar Syracuse a zamanin Jim Boeheim, to ka sani ba ka ga tsaronsa na mutum da mutum ba tukuna.

Gajere yana iya rayuwa, amma sai ya biya da wani abu babba. Isaiah Thomas, ƙafa 5 da inci 9, shi ne na 60, na ƙarshe a zaɓen 2011, ya kuma zama tauraro a Boston saboda cin maki da ya fi ƙarfin misali.

Mataki na 7: Me yake yi in ƙwallo ba ta hannunsa?

A Nuwamban 2008 kocin Loyola ta Maryland ya sa mutum biyu su manne wa Curry daga farkon wasa har ƙarshe, ko yana da ƙwallo ko babu. Curry ya koma kusurwa ya tsaya da masu gadinsa biyu, ya bar abokansa huɗu suna wasa da mutum uku. Bai ci ko maki ɗaya ba, a kakar da ya fi kowa ci a ƙasar, Davidson kuma ta yi nasara da tazarar maki 30. Ina son wannan labari domin yana nuna yaron da ya fahimci cewa amfaninsa bai tsaya ga ƙwallon da ke hannunsa ba.

Ka kwatanta da Jimmer Fredette na jami'ar BYU, mai maki 28.9 a wasa a 2011, wanda aka ɗauka na 10. Jifansa ba abin shakka ba ne, amma wasansa ya ginu ne a kan riƙe ƙwallo, a NBA kuma babu ƙungiyar da za ta miƙa masa ragama, tsaronsa bai kai ya riƙe shi a fili ba. Daga baya a Shanghai ta ƙasar Sin ya samu irin matsayin da ya saba. Saboda haka ka ware minti goma na wasa ka bi yaron da ido shi kaɗai. Bayan ya miƙa, yana gudu ya sauya wuri ko tsayawa yake hannu a ƙugu? Yana kafa wa wani shinge? Yana yi wa abokansa magana in an ci su sau uku a jere?

Mataki na 8: Shekaru da ƙarfin abokan karawa

Ɗan shekara 19 da ɗan 23 in sun yi lamba ɗaya, ba abu ɗaya suka yi ba, shi ya sa ƙungiyoyi ke rububin ƙanana. Kyrie Irving wasa 11 kawai ya buga wa Duke aka ɗauke shi na farko a 2011. To amma a wannan gurbi na lamba ɗaya, raina manya ya sha jawo nadama. Damian Lillard ya yi shekara huɗu a Weber State, aka ɗauke shi na 6 a 2012, ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa ba tare da ƙuri'a ɗaya ta kauce masa ba. Jalen Brunson ya ci kofin ƙasa sau biyu da Villanova, a 2016 da 2018, shi ne gwarzon jami'o'i na 2018, duk da haka sai a dama ta 33 Dallas ta ɗauke shi, don ana ganin gajere ne kuma ba ya tashi sama. Abin da aka raina shi ne aikin ƙafarsa, da ƙarfin jikinsa, da yadda ba a iya gaggauta shi. Fred VanVleet na Wichita State ba a ma kira sunansa ba a 2016, ya ci kofi da Toronto a 2019. Gabe Vincent, da ya buga wa D'Tigers ta Najeriya, shi ma ba a zaɓe shi ba a 2018 bayan ya gama jami'ar California ta Santa Barbara; ta ƙaramar gasar G League ya bi, a 2023 kuma yana cikin biyar ɗin farko na Miami a wasan ƙarshe.

Ga babba, abin dubawa shi ne ko kowace shekara ya ƙara wani sabon abu. Ga wanda ya fito daga ƙaramar gasa, ka koma kan 'yan wasannin da ya buga da manya. Curry ya ci Gonzaga maki 40, Georgetown 30, Wisconsin 33 a gasar kofin ƙasa ta jami'o'i ta 2008, wannan ya kashe maganar cewa kifin rijiya ne.

Mataki na 9: Rubuta hukunci

Ka rubuta shi a jimloli uku. Ta farko: aikin da zai iya yi a NBA a shekararsa ta farko, a faɗe shi ƙarara, misali mai shigowa daga benci ya riƙe ƙungiya minti goma sha biyar, ya matsa wa mai ƙwallo, ya ci jifan kusurwa. In ka kasa rubuta wannan jimla, bai shirya ba, komai yawan makinsa. Ta biyu: abu guda da in ya gyaru zai ɗaga shi sama. Ta uku: abu guda da zai iya fitar da shi daga gasar.

Daga nan ne za ka iya cewa ya fita ko ya koma makaranta. Wanda aka ɗauka a zagayen farko yana da tabbacin albashin shekara biyu. Na zagaye na biyu ba shi da wannan tabbaci kai tsaye, da yawa kan ƙare da kwantiragin raba ƙafa tsakanin NBA da G League. Dokar jami'o'i ta ba yaro damar shiga zaɓe, ya je Chicago, ya ji ra'ayin ƙungiyoyi, sannan ya janye cikin kwana goma bayan taron ya koma makarantarsa. Tun Yulin 2021 kuma 'yan wasan jami'a suna samun kuɗi da sunansu da hotonsu, don haka komawa ba ta nufin zama hannu rabbana. Idan ana hasashen yaro a zagayen farko, ni ina ganin ya tafi. Idan sunansa yana yawo tsakanin 40 da 60, kuma jimlarka ta uku abu ne da shekara guda ta riƙe ƙwallo za ta iya gyarawa, kamar jifa a cikin tafiya ko miƙawa da hannun hagu, gara ya koma, domin a benci ba zai samu maimaicin da zai gyara shi ba. In kuwa matsalar tsawo ce ko gajeriyar gaba, wata shekarar ba za ta ƙara masa ko inci ɗaya ba, sai dai ta ƙara masa shekaru a takarda, don haka ya fita a kakar da sunansa ya fi tashe.